Dara a Kan Ƙanƙara

Winifeg, Kanada

Zuwa ga taubashina,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk 'yan ƙungiyarku ta ƙwallo. Yaya Gwaggo da ƙafa? Ka ce mata lafiyata lau, sai sanyi. Ranar da ka aiko kana kukan hunturun bana ya hana ka wankan asuba, mu a nan ma'auni ya sauka zuwa 30 ƙasa da sifiri. Kai da iskar Kano ke sa ka lulluɓa da bargo biyu, da za a sauke ka a garin nan, sai dai a jingine ka a bango a jira bazara ta narkar da kai.

To, ba sanyi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, wasa na gano maka. Ka san aikina, tuƙa motar da ke jigilar masu keken guragu. Akwai wata dattijuwa da nake kaiwa wani zauren wasa duk mako, ita ce ta ce in daina zaman jira a mota, in shigo in ba idona abinci. Sunan wasan kalin. Asalinsa daga Sikotland ne tun ƙarni na 16, amma mutanen Kanada sun rungume shi har ya fi ƙarfin masu shi.

Fili ne na ƙanƙara, tsawonsa kamar mita 45, an zana da'ira a kowane ƙarshe. Akwai duwatsu masu mariƙi, kowanne nauyinsa ya kusa kilo 20, kuma yawancin waɗanda ake manyan gasa da su daga wani ɗan tsibirin Sikotland mai suna Ailsa Craig ake fasa su. Kafin a fara, sai a yayyafa ruwa a filin ya daskare ƙwaya-ƙwaya, a kan ƙwayoyin nan dutse ke sulɓi. Ƙungiya mutum 4 ce, kowa dutse 2. Idan duka 16 sun ƙare, ƙungiyar da dutsenta ya fi kusa da cibiyar da'ira ita kaɗai ke cin maki. Dara ce a kan ƙanƙara: ka tare wa abokin karawa hanya, ka ɓoye dutsenka a bayan wani, ka fitar da nasa waje idan ya yi maka zaune a gida.

A wasan masu tsayuwa da ƙafa, da an saki dutse sai ka ga ƙarti biyu sun bi shi da tsintsiya suna gurzar ƙanƙara, shugabansu na ta kwarara musu ihu. Manyan mutane, wasu da furfura, a garin da ba ƙura! Amma sharar tana da amfani, tana ƙara wa dutse nisa, tana kuma miƙar da shi. Wato idan mai jifa ya ɗan kauce, masu tsintsiya su rufa masa asiri.

A wasan masu keke an hana shara gaba ɗaya. Saboda haka kuɗin sharar da kake bina tun bara, ka ɗauka dokar wasa ta cinye su.

Nan ne abin ya kama ni, taubashi. Ɗan wasa zai tsayar da kekensa cak, abokinsa ya riƙe masa shi ta baya don kada ya motsa, shi kuma ya saƙala wata doguwar sanda a mariƙin dutsen, ya tura, ya ɗan murza hannu don dutsen ya tafi yana juyi. Shi ke nan. Daga lokacin da dutse ya rabu da sanda ba mai taimakonsa, abin da hannunka ya auna shi za ka gani. Na ga dattijuwar nan ta tura dutse ya zagaya ta bayan na abokan karawa, ya je ya kwanta a tsakiyar da'ira. Ba wanda ya ce Allah sarki, ba wanda ya tafa don tausayi. Abokan karawarta tsaki suka yi, domin ta cuce su, kuma tsakin nan ya fi mini daɗin ji a kan kowane irin lallami. A manyan gasa ma doka ce ƙungiya ta haɗa maza da mata.

Kada ka ɗauka wasan maraice ne na tsofaffi. An yi gasar duniya ta farko a Suwizalan a 2002. Wasan ya shiga gasar Paralamfik ta hunturu a Turin a 2006, Kanada ta ɗauki zinare, ta sake ɗauka a Bankuba a 2010, ta ƙara a Sochi a 2014. Wata baiwar Allah, Sonja Gaudet, wadda faɗowa daga kan doki ta zaunar da ita a keke, tana cikin duka ukun. Sai Sin ta ƙwace kambin a Koriya ta Kudu a 2018, ta riƙe shi a gida a 2022. Idan kana son ka ɓata wa mutumin Winifeg shayinsa, tuna masa da wannan.

Duk lokacin da nake kallo kai nake tunawa, kana kan allonka mai taya a filin siminti, kana dukan ƙwallo da hannu kana cika baki cewa golan da zai tare ka ba a haife shi ba. Bakin ya yi yawa, amma saitin gaskiya ne. Shan inna ta taɓa maka ƙafa, ba ta taɓa ido da hannu ba, su kuwa wasan nan yake nema. Abin da mutanen nan suka fi ku da shi hanya ce kawai. Daga ƙofar gidanta har bakin ƙanƙara, dattijuwar nan ba ta gamuwa da matakala ko ɗaya, ba mai ɗaukarta cak. Kai kuwa na sha ganin samari biyu sun ɗaga ka kafin ka shiga ofis.

Najeriya ma ta shiga hukumar kalin ta duniya tun 2018, ka ga ƙofa a buɗe take, saura ƙanƙarar da wutar lantarkinmu za ta iya riƙewa. Kafin nan, ka tara 'yan ƙungiyarku ku kalli wasan a waya, sannan ku rubuta wa masu kula da filinku su yi muku gangare a bakin ƙofa da ban ɗaki. Kuɗin siminti buhu 5 na wuyana, kada ka sayi tsire da su.

Ka gaida Gwaggo da Kawu da amarya. Idan an sami mai tahowa, a haɗo ni da yaji da kuka.

Wassalam,
Taubashinka na Winifeg