Littafin da Ya Kori Aikin Ofis

Duk ma'aikacin da ya ce zai rubuta littafin fasaha da daddare, bayan an tashi daga aiki, a fara ba shi labarin Donald Knuth.

A 1962, yana ɗalibin digirin digirgir a Caltech da ke Amurka, kamfanin Addison-Wesley ya nemi ya rubuta littafi kan shirye-shiryen kwamfuta. Littafi ɗaya tak fa. Da ya zauna, abu ya kumbura ya koma shirin mujalladi bakwai, mai suna The Art of Computer Programming. Na farko ya fito a 1968, na uku a 1973, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Stanford.

A 1977 ya duba gwajin sabon bugu na mujalladi na biyu, haruffan ba su yi masa ba. Wani sai ya yi tsaki ya sa hannu. Gogan naku kuwa ya jingine littafin ya ƙirƙiro TeX, manhajar tsara rubutun lissafi, aikin da ya lashe kusan shekara goma. Malaman lissafi har gobe da ita suke rubutu.

A 1990 ya yi sallama da imel, daga baya ya yi ritaya da wuri saboda littafin. Wanda ya tsinto masa kuskure a littafin kuma, a da tukuicinsa dala 2.56 ne.

Kashi na biyu na mujalladi na huɗu ya fito a 2022. Na biyar, sai dai a ci gaba da haƙuri.