Mu da Ruwan Sha a Bazarar Yerwa

Mu mutanen Yerwa ba a ba mu labarin zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, iska ta bushe ƙamas, da azahar kowa ya nemi gindin darbejiya. Amma shan ruwa, anya mun iya shi kuwa?

Dubi yadda muke yi. Mai Keke Napep zai fito daga Bulumkutu tun sassafe, ya yi ta jigila tsakanin Kasuwar Monday da Gamboru, ba abin da ya shiga cikinsa sai shayi. Sai maƙogwaro ya ƙafe, kai ya fara sarawa, sannan ya tsaya ya kwankwaɗi leda uku masu ƙanƙara a tashi ɗaya, shi ke nan wai ya sallami ruwan yau. Alhali mai aiki cikin rana kan zubar da gumi lita guda a awa ɗaya, kuma a irin iskarmu gumin na bushewa kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya zaci bai rasa komai ba.

To nawa jiki ke so? Masana a Amurka sun ƙiyasta a 2004 cewa namiji baligi na buƙatar kimanin lita 3.7 a yini, mace lita 2.7, har da ruwan da ke cikin abinci, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar. Ledar fiya-wata rabin lita ce, ka ga in an cire na abinci namiji leda shida ke nan, mace huɗu da ɗoriya. Wannan kuwa lissafin inda rana ba ta ƙuna irin tamu ne. Lebura da ɗan garuwa da mai shayarwa sai sun ƙara. Kunu da ardeb (ruwan tsamiya) da zoɓo da fura da kankana duk suna cikin lissafi, har shayin ma, sai dai sukarin da muke zabgawa ya yi yawa.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai iyayenmu mata ne na kasuwa. Da gangan wasu ke ƙin sha, don ba bayan gida mai tsabta kusa da rumfa, sai su daure har magariba. Haka tsofaffi, da yake shekaru na rage jin ƙishirwa. Ka ce, “Kaka, ga ruwa,” ta ce ai ɗazu ta sha, ɗazun nan kuwa tun hantsi ne. Gara ka zauna gefenta har ta shanye kofin. Jaririn da bai kai wata shida ba shi ne kaɗai ba a ɗura wa ruwa, nonon uwa ya wadace shi ko da bazara.

Azumin 2024 ya faɗo tsakiyar zafin Maris da Afrilu, kowa ya ji a jikinsa. Da an kira salla sai mu cika ciki da ƙanƙara, daga nan mu manta da randa sai sahur. Da a ce kofi-kofi muke sha tsakanin tarawihi da kwanciya, da yinin ya fi sauƙi.

Gaskiya ne ruwa a garin nan da kuɗinsa, kuma tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta gurɓata rijiyoyi muka ƙara sanin ba kowane ruwa ake kai wa baki ba. A tafasa wanda ake shakka. Amma yawan barin jiki ya bushe na wahalar da ƙoda, yana kawo tsakuwa, ga shi ciwon ƙoda ya riga ya addabi Borno da Yobe. Gwajin ko ruwan da aka sha ya isa kuwa kyauta ne: fitsari ya yi fari-fari, lafiya lau, in ya yi duhu ya ragu, a ƙara sha. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, shi kam ya tsaya a kan abin da aka gaya masa.