Wasiƙa Zuwa ga Hurricane na Cikin Kwali

Daga hannun bawan Allah mai cin fansho, wanda ya yi zaton ya sami abin ɗebe kewa tsakanin isha'i da barci, zuwa ga mai girma jirgin yaƙi Hurricane, ƙarami, na roba, mai ma'aunin 1/48, wanda a halin yanzu yake kwance bisa teburina, ciki a buɗe, fukafukai a gefe guda. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya, da fatan ka kwana cikin natsuwa, tun da yake cikinmu biyu ya kamata a sami wanda ya runtsa. Amma ba'adu.

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ya auku daren jiya. Bayan na idar da shafa'i da wutiri, na zauna, na ɗora tabarau bisa tabarau, na yanko daga reshen robarka mai garai-garai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda aka ce shi ne madubin saiti, wato gilashin da matuƙi yake hango abokin gaba ta cikinsa kafin ya danna maɓallin harbi. Na kankare gefensa da reza, na kama shi da hantsaki, na ɗebo gam a bakin tsinken sakace na ɗiga a gurbinsa, na ɗauke numfashi, na miƙa hannu, sai masu wuta suka ɗauke wutarsu. Ba su nake ƙara ba, domin halinsu sananne ne, kuma wanda ya daɗe da su ya daina kai kukansa ko'ina sai wurin Allah. Abin da na ji cikin duhun nan wata 'yar ƙara ce siririya, ƙyas, bakin hantsaki ya haɗu da ɗan'uwansa, abin da ke tsakaninsu ya yi nasa wuri. Wannan shi kaɗai ne sashenka da ya taɓa tashi sama tun da ka shigo gidan nan.

Kafin in shiga ƙarata, adalci ya wajabta in ambaci nasabarka, don kada a ce na tuhumi ɗan mutane ban san gidansu ba. Ubanka, Hurricane na haƙiƙa, wanda Sydney Camm ya zana wa kamfanin Hawker, ya fara tashi a Brooklands ta ƙasar Ingila ranar 6 ga Nuwamba 1935, kuma kafin a daina ƙera shi an fitar da fiye da 14,000. A 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka yi wa Ingila rubdugu, shi ya fi yawa a sararin sama, shi kuma ya fi kayar da na abokan gaba, amma Spitfire mai kyan fiffike ya tafi da kirarin, shi kuwa bai ce uffan ba. Mai tawali'u ne ƙwarai. Ƙashinsa bututun ƙarfe ne da aka ɗaɗɗaure da ƙusoshi, babu walda, daga bayan matuƙi zuwa wutsiya kuwa siraran katakai ne aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti mai ɗame shi, har ya zamana harsashi yakan shiga ta nan ya fice ta can, makanike ya zo da ƙyalle ya yi masa faci, washegari ya koma fagen fama ba tare da ya nemi a lallashe shi ba.

Abin da ya sa kuwa na zaɓe ka, na bar sauran jiragen da aka jera tare da kai, shi ne ubanka ya sha mai a Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ta daina biyuwa, Ingilishi suka rasa gajeriyar hanyar kai jirage Masar. Sai suka riƙa kwance su, su zuba cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya sauke a Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, inda makanikan soja da ma'aikata 'yan ƙasa suke fasa akwati su harhaɗa cikin gumi da damshin bakin teku. Tun daga Satumbar wannan shekara ayari ya fara tashi, jirgin Blenheim mai inji biyu a gaba, domin shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan suna biye, su bi ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su yada zango a Fallomi, wadda gwamnanta Félix Éboué ya riga ya bi bayan de Gaulle tun watan Agusta (ba don haka ba da ƙofar ba ta buɗe ba), sa'an nan Janaina, da Fashir, da Hartum, su bi Nilu har Alƙahira. Daga Kano zuwa Hartum kusan ita ce hanyar da kakanninmu alhazai suka riƙa takawa da ƙafa da jaki, wasu shekara, wasu shekaru, waɗannan kuwa suka cinye dukan tafiyar cikin abin da bai wuce mako ba. Kafin ƙarshen 1943 jirage iri-iri fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Ka ga ke nan ubanka ma a akwati ya zo Afirka, gunduwa-gunduwa, kamar yadda ka zo. Faɗin fukafukansa ƙafa 40, naka inci 10. Yana da injin Merlin na gaske, da bindigogi takwas masu jigida, da tankunan mai, da wayoyi da ba su ƙirguwa, aka haɗa shi, ya tashi, ya ƙetare daji da hamada. Kai ba mai kake sha ba, ba harbi za ka yi ba, iyakar abin da ake nema a gare ka ka tsaya da ƙafafunka a kan kanta, amma ka fi shi izza da wuyar sha'ani nesa ba kusa ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Na kuma duba lamarin cinikinmu ta fuskar shari'a, na ga akwai magana. Malaman fiƙihu, idan za su fahimtar da ɗalibi cinikin garari, wanda aka hana saboda mai saye bai san ko abin zai zo hannunsa ba, sukan kawo misalin sayar da kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. To, a bayan kwalinka tsuntsu a sama aka zana mini, cikakke, ruwan ƙasa da ruwan yashi a baya, shuɗi a ciki, yana shawagi bisa hamada, wani jirgin yana faɗuwa can ƙasa da hayaƙi. Na ba da kuɗina a kan wannan, da na buɗe sai ga rassan roba ruwan toka, da wata takarda mai ninki wadda ba ta da jumla ko ɗaya da za a kama marubucinta da ita, sai kibiyoyi da lambobi, kibiya tana nuna wani wuri tsakanin wurare biyu, mai hankali ya zaɓa. Duk da haka na yi haƙuri, na ce mai saye ya yarda da aibi tun da ya ci gaba da aiki. Na fenta mazaunin matuƙi kore mai toka-toka kamar yadda aka umarta, na fenta kujera, da ɗamarar kujera, da matakan ƙafa, da sandar tuƙi mai zobe a kai, da wasu bututu a ƙarƙashin kujera waɗanda da zarar an haɗe ɓarin jikinka biyu babu mai sake ganinsu sai mala'iku masu rubutu. Ban taɓa yin aikin da ya kuɓuta daga riya kamar wannan ba, kuma da ina da irin wannan ihlasi a nafilfilina da na gode Allah.

Sai madubi. A jirgin gaske abin hikima ne: wata 'yar fitila ce a ƙasa take haska zobe a kan gilashi, matuƙi ya ga zoben kamar yana rataye can gabansa, ya murɗa awo gwargwadon faɗin jirgin da yake bi da nisan da yake so ya yi harbi. A jikinka kuwa ɗigon roba ne marar launi. Ina tambaya, ranka ya daɗe, kuma ka isar ga waɗanda suka zubo ka: wane hatsabibi ne ya zauna ya yanke shawarar cewa mafi ƙanƙantar abu a cikin kwali shi za a yi da robar da ido ke ratsawa? Da ruwan toka ne da sai in ce jarrabawa ce. Wannan kuwa mugunta ce da aka yi wa shiri.

Da madubin ya ɓace cikin duhun daren jiya, na kunna tocilar waya. Na kwantar da ita a ƙasa don komai ƙanƙantar abu ya yi inuwa, na bi daɓe taki-taki, na ɗaga tabarma a hankali na kakkaɓe ta bisa farin zane, na zazzage aljihun riga, na warware naɗin hannun riga, na taje gemu a kan faranti. Na sami allura, na sami ƙwayar carbin da ta ɓace tun azumin bara, na sami ƙwayoyin shinkafa waɗanda kowace ɗaya sai da gabana ya faɗi kafin in gane ta, na bi wani jerin tururuwa har bakin raminsu ina duba abin da kowace ta ɗauko. Cikin wannan hali uwargida ta leƙo da fitila, ta tarar da ni goshi a ƙasa, ba kuwa alƙibla nake fuskanta ba. Ta ce, "Malam, lafiya? In kuɗi ne suka faɗi, bari da safe yara su duba." Na ce ba kuɗi ba ne. Ta dubi tebur, ta dube ni, ta ce, "Allah ya kyauta," ta saki labule. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin addu'a mai nauyin wannan daga bakinta ba.

Da gari ya waye na kafa dokar hana shara a ɗakin, dokar da ta jawo mini maganganun da ba zan rubuta ba, cikinsu har da kiranka jirgin yara. Jikana kuwa, wanda aka kira don idonsa ya fi nawa, ya yi rarrafe kaɗan ya gaji, ya tashi ya tsaya a kanka ya ce, "Kaka, yaushe zai tashi?" Kai za ka ba shi amsa, ni ba ni da ita.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai! An ba ni farfela iri biyu, ta de Havilland da ta Rotol, alhali hanci ɗaya gare ka. An ba ni haɓa biyu, mai matatar ƙura ta jiragen hamada da marar ita. An ba ni ƙafafu na tsayuwa da ƙafafu na naɗewa. Rabin reshe guda kayan da takarda ta shafa wa baƙi ne, wai ba a amfani da su, a zubar. Robar da aka yi almubazzaranci da ita a nan ta isa a zuba madubi ɗari. Amma madubi? Ɗaya! Ɗaya tak, kamar ran mutum! Wanda ya yi wannan lissafi ya san hantsaki, ya san abin da hantsaki yake yi, ya taɓa jin ƙyas ɗin nan da kunnensa, ya kuma koma gida ya ci tuwonsa ya yi barci. Ina ne aka taɓa yin rowa da almubazzaranci a kwali ɗaya? Su waɗancan na Takoradi, in ƙusa ta faɗi cikin yashi sai a miƙa hannu a akwati a ɗauko wata, ana cikin yaƙin duniya, jiragen ruwa suna nutsewa a teku. Ni ana zaman lafiya an kasa ba ni ɗigon roba na biyu.

Sauran laifuffukanka ba zan tsawaita ba. Tsakanin fiffikenka da jikinka akwai tsagar da sai an cike an goge da samfefa. Fentinka ba ya bushewa sai ƙurar hunturu ta gama sauka a kansa. Gam ɗinka yana jinkiri inda ake so ya kama, yana gaggawa inda yatsa ya taɓa.

Hukuncin da na yanke shi ne wannan. Ba zan rubuta wa kowa a ƙetare in roƙi madubi ba, don kuɗin aikowa ya fi kuɗinka, kuma ba zan tsaya gaban ma'aikacin gidan waya ina bayyana masa abin da ke cikin ambulan ba. Akwai katin ƙwayoyin hawan jini a kan kantata, wanda tun zuwanka yake ƙarewa da wuri. Robar da ke rufe ƙwayar garai-garai take, zan yanko murabba'i daga jikinta in kafa maka, da rana tsaka, a tsakiyar babban tire, ƙofa a rufe. In ya karkace, haka za ka zauna, matuƙinka ya riƙa harbin gefe. Wanda ya zo da madubin ƙara girma yana neman aibu, in nuna masa tabarma in ce bismilla.

Saura tamburanka, waɗannan zobba masu ja da fari da shuɗi da aka ce a jiƙa a ruwan ɗumi a zame su a kan fiffike. Na riga na ji labarinsu wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan wahala, cewa sukan naɗe, su yage, su manne a yatsa. Ina sanar da kai tun yanzu, a rubuce, don kada ka ce ba a yi maka gargaɗi ba: na ƙirga su, su ma babu ƙari ko ɗaya, kuma duk wanda ya yage ba zan yi masa rarrafe ba. A gurbinsa tambarin gwangwanin madara zan liƙa maka, ka je Alƙahira da shi.

Haza wassalam.

Daga mai kwalinka, a Kano.