An Riga an Yi Kisa, Naushin na Mene Ne?

 Jama'ar Karakkai, na Bungudu da na Tsafe, a gyara zama. Mutanen Gusau kuwa, ku ɗan ajiye gardamar Arsenal da Chelsea, ba inda za ta. Yau ƙwallon kwando na kawo muku, kuma tun ban buɗe baki ba na jiyo wani daga ƙarshen tabarma yana cewa, "Malam, mu mi yah haɗa mu da wasan dogaye?" Haƙuri, baba. Saurara kaɗan, za ka ga ashe magana ce ta ƙofar gidanka.

A ƙwallon kwando, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 ta jefa, in ba ta jefa ba a karɓe. To, a gasar NBA ta Amurka akwai wata al'ada wadda ba ta cikin littafin doka, kuma babu alƙalin wasan da zai busa usur a kanta. Idan kun yi wa abokan karawa fintinkau, lokacin da ya rage bai kai daƙiƙa 24 ba, ƙwallo kuma tana hannunka, to ba a jefawa. Tsayawa za ka yi kana buga ta a ƙasa har lokaci ya cika, a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Ga kwando a buɗe, babu mai tare ka, amma ka kau da kai.

Na ga kun fara dariya. "Wato a bar wa mutum fili ya ƙi ci? Ai wannan rashin wayo ne." To, bari ku ji yadda masu wayon suka ƙare.

A watan Afrilu na 2017, Indiana ta gama da Toronto, saura 'yan daƙiƙu a tashi. Sai Lance Stephenson na Indiana ya ga hanya fetal, ya taka a hankali ya zura ƙwallo, aka tashi 108 da 90. Maki biyu kacal ya ƙara, amma nan take DeMar DeRozan da P.J. Tucker na Toronto suka yo kansa kamar ya zagi iyayensu, sai da aka shiga tsakani. Shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin kuwa Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya. Kanawa, kada in ji bakinku, na san abin da kuke shirin faɗa a kan Zazzagawa.

A Nuwamban 2018, Jamal Murray na Denver ya tara maki 48 a kan Boston. Wasa ya riga ya mutu, amma shi hamsin yake hange, sai ya ɗaga ƙwallo daga nesa ana dab da tashi. Ba ta ma shiga ba. Kyrie Irving na Boston ya ɗauki ƙwallon ya wurga ta cikin 'yan kallo, aka ci shi tarar dala 25,000. Ku lura da kyau: ƙwallon da ba ta shiga ba ce ta jawo tarar nan. A Disamban 2022 kuma Zion Williamson na New Orleans ya yi tsalle, ya juya a sama, ya danna ƙwallo cikin kwandon Phoenix bayan nasara ta riga ta tabbata, aka tashi 128 da 117, fili ya hargitse. Da aka tambaye shi, bai ɓoye ba: Phoenix ce ta fitar da abokan wasansa daga gasa a kakar da ta gabata yana jinya, shi kuma bai manta ba.

Yanzu ga Alhaji mai shago ya ɗaga hannu. "In ba ka son a ci ka, ka tare mana! Mutum ya kasa tsaron gidansa tun farkon wasa, sai a ƙarshe ya tuna yana da zuciya?" Alhaji, ka yi magana, kuma rabinta gaskiya ce. Wanda aka lallasa da tazarar maki goma sha shida bai dace ya zo yana koyar da ladabi a kan na sha bakwai da na sha takwas ba. Har ma in ƙara maka makami: bayan rigimar, Stephenson ya fito da bidiyon wani ɗan wasan Toronto ɗin, Norman Powell, yana yi wa wata ƙungiya irin abin da suke kuka a kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma sauran rabin fa? Taso mu je filin dambe, inda ka fi ni sani.

An gama kaka, an kewaye fili, kalangu na tashi, ƙura ta turnuƙe. 'Yan dambe biyu sun ɗaure hannu, kowa ya miƙa na hagu yana auna ɗan'uwansa. Turmi na farko babu kisa. A na biyu sai ka ji tim! Gwiwar ɗaya ta taɓa ƙasa, ya dafa da hannu. Shi ke nan, an yi kisa. Me wanda ya yi kisan yake yi? Ja da baya yake, ya ɗaga hannu, mutanensa su ɗauke shi sama, makaɗa su koɗa shi, a yi ta liƙi. Babu mai hana shi kirari, ai da kirari aka san ɗan dambe, kuma da irin wannan bajinta Shago ya samu waƙa a bakin Ɗan Anace. To, yanzu ka ɗauka bai ja da baya ba, ya sunkuya ya ƙara wa na ƙasa naushi ɗaya. Alhaji, rantse da Allah: wa zai riga ka faɗawa cikin fili? Kai da kake cewa "ya tare mana", rigarka za ka tattare kana ihu a raba.

Abin da 'yan ƙwallon kwando ke nufi ke nan. Muddin wasa na da rai, duk abin da ka zura maki ne. Da zarar ya mutu, abin da ka ƙara saƙo ne, kuma kowa a filin ya san abin da saƙon ke cewa.

Kada kuma wani ya ɗauka ina wa'azin tausayi ne. Tausayi a tsakiyar wasa shi ne babban cin fuska. A gasar Olamfik ta Landan, ran 2 ga Agustan 2012, Amurka ta ci Nijeriya 156 da 73. Tazarar maki 83! Carmelo Anthony shi kaɗai ya zuba 37 a cikin minti goma sha huɗu. Da 'yan jarida suka tambayi kocin Amurka ko da gangan aka wulaƙanta mu, sai ransa ya ɓaci, ya tuna musu cewa Kobe Bryant da LeBron James ba su ko taka fili ba bayan hutun rabin lokaci. Ni ban ga laifinsa ba. Da tun a tsakiyar wasa suka tsaya suna buga ƙwallo a ƙasa suna kallon 'yan wasanmu da idon jinƙai, da abin ya fi 156 ɗin ciwo. D'Tigers kuwa, wato 'yan wasan Nijeriya, ba su kai ƙara gaban kowa ba. Ran 10 ga Yulin 2021, a Las Vegas, suka ci Amurka 90 da 87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Shekara tara suna riƙe da amsar.

"To, Malam, in makin yana da amfani fa?" Yawwa, ɗan makaranta ya farka. Nan al'adar take cikawa da iska. A Nuwamban 2023, a sabuwar gasar kofi ta NBA, Boston na buƙatar ta ci Chicago da tazarar maki 23 kafin ta wuce. Sai ga masu ladabin nan sun ajiye kunya a gida: suna gaba da kusan talatin, amma suna ta yi wa Andre Drummond na Chicago ƙeta da gangan, don sun san bai iya jifan fanareti ba. Aka tashi 124 da 97, kocinsu ya bi Drummond yana ba shi haƙuri. Ashe kara tana da iyaka, iyakarta kuwa teburin gasa.

Mu ma a nan gida mun san darajar tazarar ƙwallaye, har mun wuce gona da iri. A Yulin 2013, wajen neman hawa rukuni na gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema. Ƙwallon ƙafa fa, ba ta kwando ba! Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu gaba ɗaya. A can Amurka wanda aka ci ne yake fushi don an ƙara masa biyu. A nan kuwa wanda ake ci ɗin ne yake matsawa gefe don kada ya tare hanya.

Saboda haka ga hukuncin majalisa, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin mai shayi. In wasa na da rai, ka ci iya ƙarfinka, kada ka raga wa kowa. In maki zai yi maka amfani a teburi, ka zura har a busa tashi, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. In kuwa an riga an yi kisa, babu abin da ƙarin zai tsinana maka, to ka sauke hannu, domin za ku sake haɗuwa, kuma wanda aka ƙara wa ba ya mantuwa. Kai kuma da aka kayar, rage kumfar baki, ka koma atisaye.

Wanda har yanzu yake ganin duk wannan iyayi ne na Turawa, Allah ya kai mu bayan kaka. Ya shiga fili ya gwada ƙara wa na ƙasa naushi ɗaya a gaban mutanen garinsu. Ni zan riƙe masa takalmansa, don gudu ya fi sauri ba takalmi.