Zuwa Ga Hajiya Madabod, Uwar Da Ba Ta Magana

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ma san lafiya kika tashi, tunda ba ki tsinana komai ba daren jiya. Ni ne na kwana tsugune a kan tabarma, tocilar waya a baki, ina leƙen cikin akwatinki. Waɗanda suka ƙera ki sun raɗa miki suna uwa, shi ya sa na fara da ladabi.

Wata huɗu ina tara miki kaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa lefe: furosesa, RAM sanda biyu, katin hoto, akwatin wuta. Jiya bayan isha'i na ɗaure noti na ƙarshe, na sa aka tada janareta, na kira uwargida da yara su zo su shaida. Na yi bisimilla, na danna maɓalli. Ko tari ba ki yi ba.

Zan yi miki adalci, wannan laifin nawa ne: makunnin bayan akwatin wuta yana kan O, ban mayar da shi kan I ba. Na biyu ma nawa ne, na sa babbar waya mai baki 24 na manta da ƙaramar mai baki 8 da ke ciyar da furosesa, can a lungun sama inda hannun magidanci ba ya shiga sai ya bar fata. Na uku sai mu raba. Furosesata mai harafin F ce a ƙarshen suna, wato ba ta fitar da hoto da kanta, amma kika bar ramin HDMI a bayanki a buɗe, kamar ƙofar da aka zana a jikin bango. Can na soka wayar allo, daga baya na mayar da ita kan katin hoto. Duk na yafe.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki biro. Fankoki suka kama juyawa, fitilu masu launi suka haske ɗakin kamar gidan biki, allo kuwa baƙi ƙirin. Yara suka zare jiki ɗaya-ɗaya. Uwargida ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Maigida," da wata murya da na sani, ta tambayi ko man janaretan zai kai mu gobe, ta ja ƙofa.

Da ƙyar na gano inda kike ɓoye maganarki: 'yan fitilu huɗu a gefenki, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a kusa da su da rubutun da sai na ɗauki hoto na buɗa shi kafin na karanta. Ta DRAM ce a kunne. To, madalla, RAM ke nan. Na kashe, na zare sandunan, na hura ramukan, na mayar da su rami na biyu da na huɗu daga furosesa, A2 da B2, yadda littafinki ya ce. Na danna har suka ce ƙas. Na kunna. Fitilar nan dai. Na jira minti ɗaya, na kashe. Na gwada sanda ɗaya ita kaɗai. Fitilar nan. Na ɓanɓare batirinki, ɗan CR2032 ɗin nan mai kama da kwabo, na ƙirga ɗari, na mayar. Fitilar nan dai, tana kallona. Sau uku ina cire batirin. Wajen ƙarfe biyu na dare har na fara shirya kalaman da zan faɗa wa mai shago, har da waɗanda ba a faɗa gaban yara.

Da asuba aka kawo wuta. Na kunna ki don haushi kawai, na tafi masallaci. Na dawo na tarar da BIOS a kan allo, tas, har da agogo, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ɗan yayana mai gyaran kwamfuta na kira. Sai da ya gama dariya ya ce, "Kawu, ai horo take yi." Wai RAM irin ta DDR5, a tashin farko sai kin zauna kin gwada saurinta da lokutanta har ku daidaita, abin yana iya cin mintoci da dama, allo a baƙi. Kuma duk lokacin da aka cire batir kin manta abin da kika koya, sai a koma farko.

Ke! Wato duk daren nan lafiyarki ƙalau? Kina karatu ina shigowa ina wanke miki allo, sau uku, ba ki iya cewa "dakata" ba? Fitila ɗaya tak, ita ce "yi haƙuri ina zuwa," ita ce kuma "RAM ɗinka ta mutu, je ka nemi kuɗi." Wane irin yare ne wannan? Ko mai shayi in ruwa bai tafasa ba yana ɗaga hannu ya ce saura kaɗan. Kina da wutar kunna fitilun ado kala-kala suna rawa a fankoki, amma ba ki da ta rubuta kalma ɗaya a allo. An ce sai katin hoto ya tashi ake iya rubutu, shi kuma layinsa yana bayan na RAM. Na ji. To ki ƙifta fitilar mana! Ƙiftawa ma sai an roƙe ki?

Kakarki ta IBM, wadda ta fito a 1981, da 'yar sifikarta ta zo. Tsofaffin injinan da muka koyi aiki a kansu, ƙara ɗaya gajeriya lafiya lau ke nan. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, a yawancinsu, ka duba katin hoto. Ba ka buƙatar tocila, daga bakin ƙofa kake jin ciwon. Ke ma na ga alluran nan huɗu a ƙasanki inda ake soka sifika. Bakin yana nan, harshen ne ba a sa a kwali ba. Sitika kuwa har da ta mannawa a ƙofar firji an zubo.

Ban ma taɓo zancen wayoyin maɓallin gaba ba, 'yan siraran nan da ake sokawa ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ɗan yayan nawa ya ce zai ciro mini sifika daga wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa, ko da yake ya ce lokacin horon ita ma shiru za ta yi. Ya kawo dai. Da yamma zan soka miki ita. In na ji ƙara ɗaya gajeriya, mun shirya, na sa miki Windows. Kwalinki kuma yana nan ƙarƙashin gado, rasit ɗin yana ciki.

Naki,
Wanda ya saye ki da kuɗinsa.