Tsokar Maigida, Romon Yara

Mu matan unguwar nan, in dai zancen girki ne, ba mai ja da mu. Kafin azahar ƙamshin suya ya cika lungu, kowace tana so a ce tukunyarta ta fi ta maƙwabciya. Amma leƙa cikin tukunyar ki gani: man gyaɗa rabin kwalba, timatirin leda, dunƙulen Maggi biyar ko shida. Miya ta yi ja, ta yi maiƙo, shi ke nan mun iya girki.

Daddawa kuwa mun sallame ta, wai wari gare ta. Amaryar gidan kwana har cewa take ba za ta ajiye ta ba, kada ta kashe mata turaren wuta. Goggo ta ƙare mata kallo ta ce, "'Yar nan, da ita uwarki ta raine ki, kuma ban ga inda kika rage ba." Aka kwashe da dariya, amma gaskiyar Goggo ce. Daddawa daga kalwar ɗorawa ake yin ta, dangin wake ce, tana gina jiki. Dunƙule kuwa mafi yawansa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Mu kuwa gishiri a miya, dunƙule a miya, wani dunƙulen a cikin yaji, sannan a ce hawan jini ya kama wance mu hau salati.

Wajen rabo ne abin ya fi ba da haushi. In Allah ya kawo kaza, cinya da ƙirji na kwanon maigida ne, a rufe a adana a ɗaki. In da baƙo, a ba shi abin da ya saura na kirki. Yara su tashi da ƙafa da wuya, sai romo a kan tuwo. To wa ke girma a gidan, Malam ko su? Ƙwai ma har yau akwai masu cewa yaron da ya saba da shi zai yi sata. Kajin na tsakar gida suna nasawa, mu tara mu sayar wa mai shayi, mu sayo wa yaron biskit da kuɗin. Wannan lissafi dai sai mu.

Na san za a ce tsada. Ba ƙarya, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin cefane ba ya kai mu ko bakin kasuwa. Sai dai abin da ya fi amfani ba shi ya fi tsada ba. Ga zogale a bayan ɗaki, ga rama da yakuwa da tafasa da damina, ga ƙuli-ƙuli. Kwaɗon zogale da albasa da tumatir ya fi taliyar leda da muke dafa wa yara don gudun wahala. Wake nan, ko ɗanwake ko alale ko a cikin shinkafa. Awara nan, ta waken suya. Fura da nono nan. Kakanninmu da yawancinsu suka yi noma. Mu ne muka mai da su abincin marar hali, sai likita ya ce a ci mu tuna da su.

Kuma ko mun samo ganyen, kashe shi muke yi. Alayyahu ya sha tafasa har ya fita hayyacinsa, a matse, a zubar da ruwan, a zubar da amfanin tare. Wake kuwa a zuba masa kanwa son rai don ya yi saurin nuna, alhali yawanta na lalata wasu sinadaran da ke cikinsa. Jiƙa shi tun da dare ya isa, har gawayi zai rage miki.

Na goye kuma, wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata. Nan ne ake dagawa da kakanni, domin su a wajensu hana jariri ruwa a zafin bazara mugunta ce. Bayan wata shida a fara kunu, amma ba farin koko tsararo ba. Ma'aikatan asibiti suna koya mana haɗin nan da ake kira Tom Brown: gero ko dawa, da waken suya da gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa. Ba wani abu a ciki da babu shi a kasuwar unguwa, kuma yana taimakawa wajen kare yaro daga tamowa.

Ku kuma iyayen gida, kada ku ce ba da ku ake ba. Muna jin ƙamshin yajin tsire a rigunanku in kun dawo da dare hannu rabbana. Wanda zai ci na majalisa, don Allah ya ƙunso na yara.