Daga Mai Huda Bango Zuwa Van Gerwen

A mashayun Ingila da Holan ba a rasa wani faifai rataye a bango, wanda ake tsayawa nesa da shi mita 2.37 ana jifa da 'yan ƙananan kibau, uku-uku. Wasan dats ke nan. Ana farawa da maki 501 a yi ta ragewa har sifili, da sharaɗin kibiyar ƙarshe ta faɗa inda ake ninka maki biyu. Ana auna ɗan wasa da matsakaicin abin da yake ci a kibau uku. Lissafin ba wuya, sai dai kowa da irin ƙaryar da yake ɗora masa.

Akwai Mai Huda Bango. Da ƙyar matsakaicinsa ke kai 30, wato sai ya jefa kibau 50 kafin ya gama, in Allah ya sa ya gama. Wanda ya tsara faifan nan ba shi da tausayi, ya ajiye 20 tsakanin 1 da 5. Bawan Allah zai saita 20, ya kanne ido, ya ciji leɓe, ya tashi da 20 da 5 da 1. A wurinsa laifin fitila ne.

Sai Gwanin Unguwa, mai yawo tsakanin 40 da 50. Ya taɓa cin 180, mafi girman abin da kibau uku ke iya bayarwa, a wani dare da babu mai shaida sai abokinsa da ya ƙaura. Tun ranar ba a huta ba. Ka tambaye shi matsakaicinsa, ko kunya babu zai ce maka 70. Dabarar ita ce kibau tara na farko kawai yake ƙirgawa, lokacin da hannu ke sake, ya mance da goma sha biyar ɗin da ya ɓarar yana neman rufewa. Maganinsa tambaya ɗaya: "Maigida, a kibau nawa kake gama 501?" Mai 70 na gaskiya a 21 ko 22 yake gamawa. Nan za ka ga ya tuna ana jiransa a gida.

Ɗan Kayan Aiki kuwa a kanti yake wasansa. Yau kibau masu nauyin giram 22, gobe 24, jibi ya sauya musu fukafukai. Yana da jaka mai zif uku da riga mai sunansa a baya. Shekara biyar yana kan 45.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam Akawu. Ya haddace duk hanyoyin rufewa, ya san 170 ce mafi girma, kuma zai yi maka lacca a kan fa'idar barin 32: in ka kuskure ninkin 16 ka faɗa 16 zalla, saura ninkin 8, haka har ƙasa. To shi fa a aikace yake nuna darasin. Daga 32 ya koma 16, ya koma 8, 4, har 2, ya maƙale a ninkin 1, wurin da 'yan wasan ke kira gidan mahaukata. Yana jifa yana gumi, matsakaicin na zubewa kamar gari a buhun da ɓera ya huda, kuma shi ne kaɗai a ɗakin da ya san daidai nawa ya zube.

Mai 60 zuwa 70 na ainihi ba ya surutu. Ya zo, ya cinye ka, ya miƙo hannu, ya tafi.

Daga 90 zuwa sama an shiga ajin masu cin abinci da kibiya. Gama 501 a kibau 15 shi ne matsakaicin 100.2, kuma a nan manya ke kiwo. A 2016 Michael van Gerwen na Holan ya buga 123.40 a wasansa da Michael Smith. Ƙarshen iyawa dai kibau tara ne, matsakaicin 167, abin da John Lowe ya fara yi a talabijin a 1984 ya kwashi fam 102,000. Luke Littler kuma yana ɗan shekara 17 ya doke Van Gerwen ya zama zakaran duniya a Janairun 2025, abin da ya jefa Gwanin Unguwa cikin baƙin ciki, don ya fi shekara 17 yana ba da labarin 180 ɗinsa.

Saura ɗan kallo na zauren Alexandra Palace da ke Landan, wanda ya zo sanye da kayan ayaba, kofi a hannu. Yana ganin ƙwararre ya tsaya a 92 zai yi tsaki ya ce wannan ya tsufa, ya kamata ya yi ritaya. Ka miƙa masa kibau uku ka gani, kafaɗarsa ce ke ciwo.